Ƙanena ya kwana uku a bayan kanta: in biya kuɗin da aka nema ko in nemi lauya?

Manomin Riɗi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, domin kafin Litinin dole in tsayar da magana ɗaya. Ranar kasuwarmu da ta wuce, a wani gari na masarautar Ringim, faɗa ya kaure tsakanin samarin unguwanni biyu a bakin tasha, aka fasa gilashin wata mota, aka ji wa mutum biyu rauni. Da 'yan sanda suka iso waɗanda suka yi faɗan sun riga sun watse, sai aka yi kamen kan mai uwa da wabi, aka haɗa da ƙanena wanda yake zaune a kan babur yana jiran wata tsohuwa da ya kawo cefane. Yau kwanansa uku a bayan kanta, ba a kai shi kotu ba. Jami'in da maganar take hannunsa ya ce in kawo naira 80,000 a sake shi tare da babur ɗin, in ba haka ba ranar Litinin za a haɗa shi da sauran a gurfanar da su. Babur ɗin ba namu ba ne, na wani Alhaji ne da ake kai wa balas kullum, kuma abin da na mallaka shi ne buhu ɗaya da rabi na riɗi da na ajiye saboda takin damina. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, mun ce mata ya kai kaya Kano. Shin in sayar da riɗin in biya, ko in tafi Dutse in nemi lauya? Wanda ya taɓa bin hanyar lauya, nawa ya kashe, kuma kwana nawa aka ɗauka?

Direban Gumel:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da na sani a shekarun da na yi a kan titi shi ne kada ka yarda mutuminka ya kwana a wurinsu, domin da zarar ya kwana farashi ya tashi. Yaron motata da aka taɓa kamawa, naira 15,000 na biya kafin magariba muka fito da shi. Ka je yanzu ka yi ciniki, ba a taɓa biyan abin da suka fara faɗa.

Ɗalibin Shari'a:
Malam direba, mutumin ya riga ya ce ƙanensa ya kwana uku. Yaya Manomi, ka sani tsarewar da ake yi masa ta riga ta saɓa wa doka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, idan babu kuwa cikin kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suke rubuta haka a bangon ofisoshinsu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana da ofis a Dutse, haka ma hukumar da take ba marasa ƙarfi lauya kyauta, kuma tun 2015 rundunar 'yan sanda ta buɗe sashen karɓar ƙorafi wanda ake kira ta waya. Ina roƙonka kada ka ba kowa sisi. Duk lokacin da ɗayanmu ya biya, ya sa wa na bayansa farashi ne.

Uwar Marayu:
Ɗana ɗalibi, Allah ya yi wa karatunka albarka, amma irin wannan maganar taka ce aka yi mini na bi, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan daina tunawa da ranar ba. Ni a wani ƙauye nake a jihar Kano. A farkon watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, bayan gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24, babban ɗana mai shekara 19 ya fita zuwa bakin titi ya sayo wa mahaifinsa magani, domin a lokacin yana kwance. Mu a ƙauye ba mu ɗauka dokar ta shafe mu ba, mun zaci maganar birni ce. Motar sintiri ta tsince shi da ledar maganin a hannu. Washegari na je da ƙanin mijina, aka ce mu kawo 40,000. Ina da tunkiya biyu a lokacin, da na kai su kasuwa da an gama. Sai wani ɗan'uwanmu mai boko ya ce wallahi kada mu biya, yaro bai yi komai ba, shi zai yi magana da manya.

Kwana biyu bayan nan na kai masa tuwo a kwanon samira, sai wanda yake kan kanta ya miƙo mini silifas ɗinsa ya ce an wuce da su birni tun da asuba. Na tsaya riƙe da kwano a hannu ɗaya, silifas a ɗaya, ban san inda zan nufa ba. Da muka gano inda yake, an riga an haɗa sunansa da na waɗanda ake zargi da fasa shaguna, mutanen da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, alƙali kuma ya aika da su gidan gyaran hali. Lauyan da muka samu ya karɓi 150,000 da farko, kuma duk ranar zama sai mun ba shi kuɗin mota. An ɗage zaman sau huɗu, wani lokaci a ce mai gabatar da ƙara bai zo ba, wani lokaci a ce babu motar da za ta kawo su. Da aka ba da beli sai aka ce mai tsaya masa ya zama ma'aikacin gwamnati mai babban mataki, mu kuwa duk danginmu babu ko masinja. Tumakin biyu suka tafi, muka jinginar da gonar gado. A wata na huɗu mahaifinsa ya rasu yana tambayar ko yaron ya dawo. A wata na biyar aka sake shi, jikinsa duk ƙazuwa, yana tari, kuma har yau idan ya ji jiniya sai ya shige ɗaki ya kulle ƙofa. Ɗan'uwan da ya hana mu biya sau ɗaya ya raka mu kotu.

Saboda haka, ɗana Manomi, ni ban san sashe ba, ban san kundi ba. Ka sayar da riɗin.

Ɗalibin Shari'a:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mama, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ɗanki lafiya. Ban isa in yi musu da abin da kika gani da idonki ba. Abin da kawai zan ce shi ne lokacin da abin ya same ku lokaci ne na tarzoma, an kama ɗaruruwan mutane, kuma umarni daga sama yake zuwa, shi ya sa aka yi gaggawar kwashe su. Maganar Yaya Manomi faɗan tasha ce, tana iya ƙarewa a inda ta fara.

Mai Shayin Bakin Tasha:
Allah ya jiƙan mamaci, Hajiya. Ni dai naira 5,000 na biya lokacin da aka kwashe mu daga teburin shayi da dare, kuma har da kuɗin takardar da aka rubuta bayanina a kai. Wannan 80,000 ɗin ta yi yawa ƙwarai, ta ma fi mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Amma ka kula da babur ɗin fiye da komai. A garinmu an taɓa tsare akuya a matsayin shaida a rikicin ɓarnar gona, ranar da za a je gaban alƙali sai igiya da ƙirgi aka kawo, aka ce akuyar ta rasu a tsare bayan gajeriyar rashin lafiya.

Malamar Islamiyya:
Malam mai shayi, baiwar Allah ta gama ba da labarin mutuwar mijinta, wannan ba wurin labarin akuya ba ne. Game da kuɗi kuwa, maƙwabcinmu 120,000 ya biya a kan ɗansa, kuma laifin da aka ce ya yi bai kai fasa gilashi ba. Wanda ya ce 5,000 ko 15,000 yana maganar wani zamani ne ko wani irin kamu dabam. Idan akwai wanda aka ji wa rauni, kuɗin magani ma a kan waɗanda aka kama ake ɗora shi.

Tsohon Sufeto:
Na yi shekara 35 ina sanye da kakin nan kafin in yi ritaya, don haka ku ba ni dama in ce wani abu. Hajiya, na ji labarinki, kuma ba zan kare abin da aka yi miki ba. Amma ina so jama'a su san cewa a ofisoshin ƙauye da na yi aiki, sau da yawa mai bincike da kuɗinsa yake sayen takarda da biro, shi zai nemi man da za a kai wanda ake zargi kotu, wani lokaci shi zai ciyar da wanda danginsa ba su zo ba. Daga nan ɓarnar take farawa, sannan masu son zuciya su mayar da ita sana'a. Mu da muka gama aiki ga mu nan a tsarin fansho na karo-karo, abin da ake ba mu a wata ba ya sayen buhun gero, kuma na bakin aiki suna ganin yadda muka ƙare.

Kai kuma Manomi, ga abin da zan yi da ni ne kai. Kada ka sake komawa wurin mai binciken kai kaɗai. Ka je wurin dagacinku ko mai unguwa ya raka ka wurin DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan, da kansa, domin sau da yawa babban bai san adadin da na ƙasa ya faɗa ba. Ka tafi da tsohuwar da ƙanenka ya kawo kasuwa ta faɗi abin da ta sani, ka kuma roƙi Alhaji mai babur ya zo da takardunsa, saboda maganar babur dabam take da maganar mutum. Ka yi magana da ladabi, ka nemi a ba da shi beli a hannun dagaci. Kada ka shiga kana karanta musu sashe, domin wanda ka kunyata a gaban na ƙasa da shi zai nuna maka cewa shi ma ya san hanyar kotu.

Direban Gumel:
Yallaɓai Sufeto, da girmanka, amma kura ba ta ba da shawarar yadda za a tsare garke. Kun yi shekara 35 kuna karɓa a hannunmu, yanzu kuma kuna gaya mana man mota ne. Ni a ganina wanda ya taɓa tsayawa a gaban kanta yana roƙo shi ya kamata a saurara, ba wanda ya zauna a bayanta ba, ba kuma yaron da bai gama makaranta ba.

Ɗalibin Shari'a:
Ban gama makaranta ba, gaskiya ne, amma dokar ba ni na rubuta ta ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, ta kuma ce mace tana iya tsaya wa mutum beli, abubuwan da har yau ake gaya wa mutanen ƙauye akasinsu saboda an san ba su sani ba. Na yarda da Baba Sufeto a kan zuwa da dagaci da shaida. Inda muka rabu shi ne rashin man mota ba hujja ba ce ta sayar da 'yancin mutum.

Limamin Ƙauye:
Jama'a, a sassauta harshe, kowa a nan alheri yake nufi. Tun da an taɓo halal da haram, ya tabbata a hadisi cewa an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Sai dai malamai da yawa sun yi bayani cewa wanda aka zalunta, ya rasa kowace hanya ta kuɓutar da kansa ko haƙƙinsa sai ta bayarwa, to zunubin yana kan mai karɓa. Sharaɗin shi ne ya rasa wata hanya. Don haka, Malam Manomi, ka fara gwada ta dagaci kafin ka kai riɗi kasuwa. Kuma ina ba ka shawara ka sanar da mahaifiyarku a hankali ta bakin wata babbar mace da take jin nauyinta, domin a ƙauye magana ba ta ɓuya, gara ta ji daga gida da ta ji a bakin rijiya.

Malamin Firamare:
Labarin Uwar Marayu ya dawo mini da abin da muka gani a ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da yara ƙanana daga Kano da Kaduna, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, aka kuma sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da hotunan suka zagaye duniya sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnoninsu. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida da suka haɗa da Kano da Jigawa, rundunar 'yan sanda ta musanta. Abin da yake ci mini rai shi ne a 2020, lokacin da matasan Kudu suka tashi a kan SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi da makami, har aka rushe ta ranar 11 ga Oktoba, mu a nan da yawa cewa muka yi ba ruwanmu, gwamnonin Arewa ma suka nuna ba su goyi bayan rushewar ba. Shekara huɗu bayan nan 'ya'yanmu ne a kwance a ƙasan kotu. Yanzu kuma ana ta maganar 'yan sandan jihohi, ni kuwa tsorona shi ne a ba gwamna sanda ya fara da 'yan adawarsa.

Malamar Islamiyya:
Malam, na yarda da kai a kan yaran, amma a faɗi gaskiya duka. An fasa shagunan bayin Allah a Kano, an kwashe kayan cibiyar fasahar sadarwa da ba a ma buɗe ta ba, kuma masu shagunan nan su ma talakawa ne. Sannan wa ya ba yara tutar Rasha da suka riƙa ɗagawa a zanga-zangar? Yaron da bai san inda Rasha take ba, me ya haɗa shi da tutarta?

Ɗan Kasuwar Maigatari:
Malama, ni zan amsa miki wannan, domin a bakin iyaka nake. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, yaranmu suna ganin hotunan Yamai a waya, ana ɗaga wannan tutar ana cewa Faransa ta fita, kuma kafin shekarar ta ƙare sojojin Faransa suka fita, na Amurka suka bi bayansu a 2024. Yaron da yake jin yunwa ya ga haka, sai ya ɗauka tutar ce maganin kowace gwamnatin da ba ta jin kuka. Ban ce babu wanda ya biya tela ya ɗinka ba, amma ƙasar da aka shuka abin a kanta mu muka san yadda ta jiƙe. Da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, har ana maganar yaƙi, kasuwarmu ta Alhamis da take cika da raƙuma da shanu daga Damagaram ta koma kamar an yi shara. Ƙanwata tana aure a tsallake, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma da ta haihu sai ta barauniyar hanya mahaifiyarmu ta je suna. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe, kuma har yanzu ciniki bai koma yadda yake ba. Kafin wannan ma an rufe iyakokin a 2019, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kamar mu ba 'yan ƙasa ba ne.

Direban Gumel:
Alhaji, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. An ce an buɗe iyaka, amma shingayen da aka kafa lokacin rufewar ba su tashi ba. Ranar Alhamis idan na ɗauko awaki zuwa Kano, tun kafin in bar gida nake canza kuɗi zuwa 'yan ɗari biyu-biyu in jera su a gaban mota, domin kowane shinge da nasa, kuma ba kaki iri ɗaya ba ne. Wanda ya tsaya tambayar dalili sai a ce ya faka a gefe ya sauke kaya, dabbobi suna haki a rana. A ƙarshe mai sayen akuya a birni shi yake biya.

Ɗan Kasuwar Maigatari:
Ɗari biyu a motarka ƙarama ke nan. Mu masu loda tirelar shanu zuwa Kudu, abin da ake warewa na hanya kaɗai ya isa jarin wani.

Manomin Riɗi:
Na gode, iyayena, na karanta duka. Mama, Allah ya jiƙan Baba, labarinki ya hana ni barci. Da yamma na je wurin dagaci, ya ce zai raka ni gobe bayan ya dawo daga wurin hakimi, tsohuwar ma ta yarda za ta zo idan an ɗauko ta. Alhaji mai babur ya ce shi balas ɗinsa na kwana uku yake jira, bai ce zai zo ba. Mai binciken ya aiko a gaya mini an rage zuwa 55,000, amma ban da babur. Dillali ya zo ya ga riɗin, ban ba shi amsa ba. Har yanzu babu wanda ya gaya mini ko lauyan gwamnati na Dutse yana zuwa ƙauye, ko sai an kai magana kotu tukuna.

Tsohon Sufeto:
Tun da ya rage da kansa, alama ce ba ya son maganar ta kai sama. Ka riƙe riɗinka zuwa gobe. Kai kuma direba, shingayen da kake magana ba duka na 'yan sanda ba ne, ka ƙirga da kyau ranar Alhamis mai zuwa ka zo ka gaya mana nawa ne namu.

Direban Gumel:
Zan ƙirga, Yallaɓai, daga fitowata Maigatari har in shiga Gezawa, kuma zan rubuta kalar kakin kowane shinge da abin da na miƙa.